Zuwa Ganin Amarya a Gidan da Ba Shi Ba: Hira Kan Fim Ɗin Pelli Choopulu

Nasiru: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Anti Binta da ƙanwata Hadiza, wadda ta yi ta binmu sai mun kalli Pelli Choopulu, fim ɗin Telugu da ya fito a 2016.

Hadiza: Ai Yaya, ka ga amfanin nacin. Mu nan duk fim ɗin Indiya ɗaya muke ɗaukarsa, alhali wannan na mutanen Haidarabad ne, harshensu daban da na Bombay. Sunan ma yana nufin zaman da ake yi idan dangin saurayi sun je ganin yarinyar da ake so a haɗa su.

Anti Binta: Zuwa gani kenan.

Hadiza: Shi fa, Anti. Vijay Deverakonda ne ya fito a Prashanth, yaron da ya gama karatun injiniya da ƙyar, zuciyarsa tana wajen girki, ubansa kuwa kallon malalaci yake yi masa. Aka kwashe shi zuwa ganin yarinya, aka bar su a ɗaki su gaisa, sai ƙofa ta kulle ta ƙi buɗuwa. Daga baya aka gane ba ma gidan da ya kamata su je ba ne.

Nasiru: Wannan wurin ya ba ni dariya sosai, manya suna waje sun sha kwalliya suna jira, ashe adireshi aka ɓata.

Anti Binta: Ni kuwa a ɗakin nan hankalina ya tsaya. Yarinyar, Chitra, wadda Ritu Varma ta fito a matsayinta, tun farko ta nuna ba auren ne a gabanta ba. Da yake babu mai neman burge wani, sai kowa ya zazzage cikinsa. Shi ya faɗi yadda ya kasa riƙe aiki, ita ta faɗi yadda saurayinta ya watsa mata ƙasa a ido bayan sun shirya buɗe motar sayar da abinci. Nasiru, na zauna a irin wannan zaman sau da yawa a danginmu. Yarinya ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin gyale, yaro yana ta juya makullin mota a hannu, minti goma a ce sun fahimci juna. Me suka fahimta?

Nasiru: Amma Anti, ai iyaye suna bincike kafin a kai ga haka.

Anti Binta: Suna yi, kuma yana da amfani. Sai dai bincike asalin gida yake nuna maka, ba ya gaya maka abin da yarinyar take so ta yi da rayuwarta. Chitra tana da ilimin kasuwanci, amma ubanta da ya so ɗa namiji bai taɓa zama ya saurare ta ba. Wannan ya taɓa ni ƙwarai.

Hadiza: Akwai maganar kuɗi kuma. A can dangin mace ne ke ba ango dukiya, duk da dokar Indiya ta hana tun 1961. Gidan su Prashanth lissafinsu ya auri 'yar mai kuɗi ya huta.

Nasiru: Mu namiji ne ke ba da sadaki da lefe.

Anti Binta: Ka tambayi uwar amarya kuɗin kayan ɗaki da gara, za ka ji inda nauyi yake.

Hadiza: To, attajirin da ake so ya zama surukinsa ya ce sai ya ga yaron ya iya riƙe sana'a. Shi ne ya koma wajen Chitra suka buɗe motar abincin tare, ita da lissafi, shi da tukunya. A cikin motar nan suka yi faɗa, suka ga kasalar juna da ƙoƙarin juna, so ya shigo a hankali ba tare da an kira sunansa ba.

Nasiru: Kada a manta da abokin Prashanth, wanda Priyadarshi ya fito a matsayinsa. Duk inda ya buɗe baki sai na dara, kuma maganarsa irin ta samarin unguwa ce, da karin harshen Telangana, jihar da Haidarabad take.

Hadiza: Shi ya sa darakta Tharun Bhascker, wanda wannan ne babban fim ɗinsa na farko, ya samu kyautar ƙasa kan rubutun zance, fim ɗin kuma ya zama gwarzon fina-finan Telugu na shekarar. An sake yinsa da harsunan Hindi, da Malayalam, da Tamil.

Anti Binta: Ni dai 'yar yayata za a zo gani ranar Asabar. Na riga na gaya wa uwarta, a ba su tsakar gida su yi hira ta sosai, kuma kafin baƙin su iso a tambayi yarinyar ita me take so.