Yayre: Fadamar Logon da Mutanen da Take Ciyarwa

Assalamu alaikum, masu kallo. Ku dubi wannan fili da kyau. Watan Afrilu ke nan, ƙasa baƙa ta tsattsage saboda zafi, har ƙafar yaro za ta iya shigewa cikin tsagin. To, ga wurin nan dai a watan Oktoba: ruwa iya ganinka, ciyawa ta fi mutum tsawo, kwalekwale na ratsawa ta inda aka bi da jaki wata shida baya.

Nan ce fadamar Waza da Logon, a Arewa Mai Nisa ta Kamaru. Fulani suna ce mata yayre. Ruwan da ke cika ta daga nesa yake zuwa. Kogin Logon yana ɗebo shi daga tuddan Adamawa, ya ratso kudancin Cadi, ya wuce Yagwa, sai ya tumbatsa ya bazu a wannan shimfiɗaɗɗen fili kafin ya haɗu da kogin Shari tsakanin Kuseri da Njamena.

Baƙo in ya gani sai ya ce ambaliya ce, asara ce. Ɗan gari kuwa ya san shekarar da ruwa bai fita ba, ita ce shekarar kuka.

Mu fara da kifi. Da ruwa ya shiga ciyawa, tarwaɗa da karfasa da bargi sai su bi shi su yi ƙwai, domin nan ne abinci yake, nan ne kuma maɓoyar ƙananan kifi. Idan ruwa ya fara janyewa, masunta 'yan ƙabilun Kotoko da Musgum suna tare su a bakin magudanan da suka haƙa da hannu. Ita gaiwa ba ta ma fita. Sai ta nutse cikin taɓo, ta lulluɓe kanta, ta yi kwance har damina ta zagayo. Kifin da aka kama a yi banda, 'yan kasuwarmu su ɗora a mota zuwa Kuseri, Marwa, wani har Maiduguri. Mai itace ya samu, mai kwando ya samu, direba ya samu.

Bayan masunci sai manomi. A gefen fadama, inda laka ta sha ruwa ta ƙoshi, ana dasa masakwa bayan ɗaukewar damina. Ba ban ruwa, ba ruwan sama, danshin da ƙasa ta riƙe shi kaɗai ke kai dawar nan har girbi a watan Janairu ko Fabrairu.

Sai makiyayi. Daga wajen Disamba garken Fulani da na Larabawan Shuwa ke shigowa, wasu daga Najeriya da Nijar, su ci ɗanyar ciyawa a lokacin da jeji ya bushe ƙurmus. Kashin shanun ya zama taki, in ruwa ya dawo ya ciyar da ƙwarin da kifi ke ci. Fili ɗaya, mutum uku, kowa da lokacinsa. Ba a rasa saɓani, musamman in shanu sun tattake magudanar masunci, amma tsarin ya daɗe yana tafiya.

Akwai kuma aikin da ido ba ya gani. Fadama tana shanye wani kaso na ruwan kogi, ta rage masa ƙarfi kafin ya isa garuruwan da ke ƙasa. Abin da ya rage ya bi kogin El Beid a hankali zuwa Tafkin Cadi. Gandun dajin Waza ma da ita ya dogara: giwaye, raƙuman dawa, gauraka, da tsuntsayen da ke gudo sanyin Turai.

Ta yaya aka san darajarta? Ta hanya mai ciwo. A 1979 aka gina dam ɗin Maga domin noman shinkafa, aka kuma ja ganuwa a gaɓar Logon. Abin ya zo daidai da shekarun fari. Shinkafa ta samu, wannan gaskiya ne. Amma babban yanki na fadama ya daina ganin ruwa. Ciyawa mai daɗewa ta mutu, kifi ya ragu, makiyaya suka canja hanya, namun daji suka yi ƙasa, gidaje da dama suka yi ƙaura. Masu lissafi sun ƙirga buhunan shinkafa, ba su ƙirga kifi da nono da nama ba, saboda waɗannan ba sa bi ta ofis.

A 1994 wani shiri na ƙungiyar kare muhalli ta IUCN da gwamnatin Kamaru ya sake buɗe wata mashigar ruwa da ganuwar ta toshe. Ruwa ya koma wani sashe, ciyawa ta farfaɗo, masunta da shanu suka dawo. A 2006 aka sa fadamar cikin jerin Ramsar, yarjejeniyar kare dausayi da aka ƙulla a Iran a 1971.

Yau damuwar ta sauya kama. Mutane sun ƙaru, magudanan kifi sun yi yawa, kuma kowace sabuwar magudana tana saurin zuƙe ruwa daga fili ta mayar kogi. Rashin tsaro kuma ya hana makiyaya wasu wuraren da suka saba sauka, sai suka cunkushe a sauran.