Yadda Ake Zaɓen Tayar Keken Tsere Mai Ƙarko Da Jure Huji, Rani Da Damina

Assalamu alaikum, masu kallo. Wannan abin da kuke gani a tafin hannuna ƙwayar tsidau ce, wadda duk wanda ya taɓa ratsa fili ba takalmi ya san zafinta. A yammacin Amurka, inda wannan ciyawa ta bazu ƙwarai, ɗaya daga cikin sunayenta ma yana nufin mai huda taya, saboda ɓarnar da take yi wa masu keke. Kusa da ita ga wani ɗan silin waya da bai kai tsawon farce ba, irin wanda yake zuba a kan kwalta idan tayar babbar mota ta fashe, sannan ga ɓarɓashin kwalba. Waɗannan uku suna cikin abubuwan da suka fi tsayar da mai keken tsere a bakin hanya, kuma da su za mu auna kowace taya a wannan bayani.

Matsalar faci ta zo ne tare da ita kanta tayar iska. A shekarar 1888 John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi ɗan Sikotland da ke zaune a Belfast, ya yi rajistar tayar da ake hura wa iska, bayan ya gwada ta a keken ɗansa. Tafiya ta yi daɗi, amma gyaran huji ya zama aiki, domin a manne tayar take da wili. A 1891 'yan uwa biyu na gidan Michelin a Faransa suka fito da tayar da ake iya cirewa a gyara a mayar, kuma da ita Charles Terront ya lashe tseren Paris zuwa Brest da dawowa a wannan shekara, tafiyar kusan kilomita 1,200. Tun daga lokacin har yau ba a ƙera tayar iska da ba ta hujewa ba. Abin da mai saye zai nema shi ne wadda hujinta ya yi ƙaranci, ba tare da ta kashe masa ƙafa da nauyi ba.

Ga wata tsohuwar taya da muka yanka domin ku ga cikinta. Ƙashin bayanta saƙaƙƙen zare ne, yawanci na nailan, wanda shi yake riƙe iska da siffar taya. A kan kwalin za ku ga lamba tare da haruffan TPI, ma'ana yawan silin zare a kowane inci. Mai 60 zarenta kauri ne da shi, tana da tauri kuma tana jure gurzuwa, mai 120 zuwa sama kuwa zarenta siriri ne, tana lanƙwasa da sauƙi, tana gudu, amma ba ta da wuyar yankewa. Ku lura cewa wasu kamfanoni suna haɗa lissafin ninki uku su rubuta jimla, ta yadda 180 da kuka gani 60 ne sau uku. A bisa zaren akwai robar da ke taka ƙasa, a tsakaninsu kuma ga wannan siririyar shimfiɗa mai launi daban, wadda ita ce garkuwar taya, kuma a kanta ya kamata a fi tsayawa.

Hanya biyu masu ƙera taya suke bi wajen yin garkuwa. Ta farko ita ce saka ƙyalle na zare mai tsananin ƙarfi. Sanannen cikinsu shi ne Kevlar, wanda masaniyar sinadarai Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont a 1965, kuma shi ake yin rigar sulke da shi. Akwai kuma Vectran, zaren da aka ɗinka buhunan iskar da na'urar Pathfinder ta dira a kansu a duniyar Mas a 1997, wanda kamfanin Continental na Jamus yake sawa ninki biyu a tayarsa mai suna Grand Prix 4-Season. Irin wannan ƙyalle ba shi da nauyi, kuma yana da kyau wajen tare abu mai kaifi kamar kwalba. Rauninsa shi ne abu mai tsini siriri, kamar wannan waya ko ƙayar aduwa, yana iya ratsa tsakanin silin zaren a hankali, musamman idan ya kwana biyu maƙale a cikin roba ana ta taka shi.

Hanya ta biyu ita ce kauri kawai. Tayar Marathon Plus ta kamfanin Schwalbe tana da shimfiɗar roba mai laushi ta milimita 5 a ƙarƙashin matakinta, wadda gajeriyar ƙaya irin ta tsidau za ta nutse a ciki ta ƙare ba ta taɓa tiyub ba. Wajen jure huji da wuya a sami wadda ta fi irin wannan, sai dai tana da farashin da ba na kuɗi ba. Nauyin mai faɗin milimita 28 ya haura giram 700, alhali tayar tsere mai faɗi ɗaya da ita ba ta cika kai giram 300 ba. Bayan nauyi kuma, duk juyin da taya ta yi sai ta lotsa a inda ta taɓa ƙasa sannan ta koma siffarta, kuma robar da ta yi kauri tana cinye wani ɓangare na ƙarfin ƙafarku a wannan lotsawa ta mayar da shi zafi. Ga wanda keke ne abin zuwa aiki ko makaranta, wanda faci ɗaya zai sa ya makara, wannan ciniki ne mai kyau. Ga mai fita motsa jiki na kilomita 60 ko 80 da asuba tare da abokai, zai ji ta a cinyarsa tun kafin a kai rabin hanya.

A nawa ganin, mafi yawan masu keken tsere tsakiya ta fi dacewa da su, wato taya mai garkuwar ƙyalle a ƙarƙashin mataki, wadda kuma aka ƙarfafa gefenta. Gefen taya shi ne inda aka fi mantawa. Idan kuka faɗa ramin da bakinsa ke da kaifi, ko kuka goga da tsakuwa, gefen ne yake tsagewa, kuma tsagar gefe yawanci ita ce ƙarshen taya. Gatorskin da 4-Season na Continental duk suna da wata raga da ta lulluɓe gefensu saboda wannan dalili. Akwai kuma wata yaudara da ya kamata ku sani: idan kun ga an rubuta Kevlar a kwali, ku tabbatar ina aka sa shi, domin sau da yawa a bakin taya yake, inda ya maye gurbin wayar ƙarfe don taya ta iya naɗewa, wannan kuwa ba ya hana ko ƙaya ɗaya shiga.

Idan kamfanin Turai ya ce tayarsa ta kowane yanayi ce, sanyinsu yake nufi, lokacin da roba ke ƙandarewa ta rasa riƙo a kan jiƙaƙƙiyar hanya. Namu yanayin daban ne, amma buƙatar ta zo ɗaya a damina. Ruwan sama yana share kwalba da ƙusa da waya ya tara su a gefen titi, daidai inda mai keke yake bi. Jiƙaƙƙiyar taya tana kwasar su su manne mata, ruwan kuma yana sa kaifi ya ratsa roba da sauƙi, kamar yadda duk wanda ya taɓa yanka roba da jiƙaƙƙiyar wuƙa ya sani. Sannan ga ramukan da ruwa ya rufe. Riƙon hanya a irin wannan lokaci daga haɗin robar yake fitowa, shi ya sa ake zuba sinadarin silika a cikin mai kyau. Zanen da ke kan siririyar taya bai taka wata rawar kirki a kan kwalta ba, domin faɗinta bai kai ruwa ya ɗaga ta ba kamar yadda yake yi wa tayar mota. Roba mai tauri tana daɗewa amma tana santsi, kuma wannan shi ne ƙorafin da masu hawa da yawa suke yi a kan Gatorskin idan hanya ta jiƙe. Da hunturu kuwa ƙaya ta bushe ta yi tsini, iska na watsa ta da yashi a kan titi, da bazara kuma rana ce ke tsattsaga robar keken da ake jinginewa a tsakar gida.

Sai batun awo. Ku duba gefen tayarku za ku ga lambobi kamar 28-622. Ta farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu kuma faɗin da'irar rim ne, kuma 622 shi ne awon kusan duk keken tsere na zamani, wanda ake kuma rubutawa 700C, ko a kira shi inci 28. A nan mutane suke yin asara, domin tayar baƙin keke irin Raleigh da Phoenix ita ma inci 28 ake kiranta, amma awonta 635 ne, wasu tsofaffin kekunan tsere na gwanjo kuma 630 suke ɗauka. Babu wadda za ta zauna a rim ɗin wata, saboda haka lamba ta biyu ita ce abin dubawa a kasuwa.

Game da faɗi, a da an ɗauka cewa mafi sirantaka ita ce mafi gudu, har aka daɗe ana hawa milimita 23. Yanzu ƙwararru sun koma 28 zuwa sama, a tseren Paris zuwa Roubaix kuwa, wanda ake yi tun 1896 kuma yake ratsa hanyoyin duwatsu, 30 zuwa 32 suke ɗaurawa. Faffaɗar taya tana ɗaukar iska mai yawa, tana ba da damar rage matsi, tana hawa kan tsakuwa ta lanƙwashe maimakon ta yi tsalle. Shawarata ita ce ku sayi mafi faɗin da firam ɗinku zai karɓa, muddin an bar tazarar aƙalla milimita 4 ta kowane gefe domin laka da yashi. Tsofaffin kekuna masu birkin rim sukan tsaya a 25 ko 28.

Duk tsadar taya, iskar da ke cikinta tana iya ɓata ta. Idan iska ta yi kaɗan kuka daki bakin rami, rim zai matse tiyub ya bar ƙananan huji biyu a jere, waɗanda masu keke suke kira saran maciji, kuma babu garkuwar da ke hana wannan. Idan ta yi yawa, taya za ta ƙame tana tsalle, riƙonta ya ragu, kaifi kuma ya fi saurin shigarta. Mutum mai nauyin kilo 70 a kan taya mai faɗin 28 zai iya farawa da wajen PSI 70 (PSI shi ne ma'aunin matsin iska), ya ƙara idan ya fi haka nauyi, ya ɗan rage idan hanya ta jiƙe, ta gaba kuma ta ɗan gaza ta baya. Latsawa da babban yatsa ba awo ba ne ga tayar tsere, don haka famfo mai agogo yana cikin kayan da bai kamata a yi ƙyashin saye ba, a riƙa dubawa ko da sau biyu a mako.

Akwai kuma tsarin da ba tiyub, inda ake zuba wani ruwa mai danƙo a cikin taya, da zarar ƙaya ta shiga sai ya bi hujin ya daskare, sau da yawa mai keke bai ma sani ba. Ga ƙasar tsidau wannan babban sauƙi ne. Sai dai yana buƙatar rim da taya da aka ƙera dominsa, ruwan yana bushewa cikin 'yan watanni, a zafi irin namu ma ya fi saurin bushewa, kuma rim marar ƙugiya a baki ba a wuce masa PSI 72. Wanda ba zai riƙa samun wannan ruwa a kusa ba, ya zauna a kan tiyub da taya mai garkuwa ya fi masa kwanciyar hankali.

Na taɓa yin faci uku a yini ɗaya a kan sabuwar taya, har na fara zargin jabu aka sayar mini. Da na juya cikinta a hasken rana na lanƙwasa ta, sai ga kan waya kamar gashi ya leƙo, yana jiran kowane tiyub da zan saka. Tun daga ranar nake ɗaura taya ta yadda sunan kamfanin zai zo daidai da bawul, domin idan na ga inda tiyub ya huje, nan take na san inda zan duba a jikin taya. Kafin ku mayar da tiyub, ku bi cikin tayar da tsumma ko auduga, zai maƙale a inda tsini yake, ku kuma duba tef ɗin da ya rufe ramukan rim bai goce ba. Bayan kowace fita, musamman da damina, ku juya wili a hankali ku cire duk abin da ya maƙale da tsinke ko allura, domin yawancin ɓarɓashin kwalba sai ya yi tafiya a cikin roba kafin ya kai ga tiyub.

Tayar baya ta fi ɗaukar nauyi, saboda haka ita ke fara suɗewa. A tayoyin Continental akwai ƙananan ramuka biyu a kan mataki, kamar waɗannan da muke nuna muku, idan suka shafe lokacin canji ya yi. A sauran kuwa za ku ga tsakiyar ta baje, ko zare ya fara leƙowa, ko faci ya fara yawa ba dalili. Idan guda ɗaya za ku iya saye, ku mayar da ta gaba zuwa baya, ku ɗaura sabuwar a gaba, domin idan ta baya ta sace ana iya tsayar da keke lafiya, amma idan ta gaba ta fashe a kwana ko a gangara, da wuya mahayi ya tsira daga faɗuwa.