Zanen Kawu: a sallama wa dillali ko a kai gwanjo?

Hadiza: Assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Yau ba doguwar gaisuwa, domin tun da Auwal ya saka hoton tsohon zanen fentin da marigayi Kawunsa ya bari a WhatsApp wayata ba ta huta ba. Kowa ya zama masani.

Auwal: Har da wanda ya ce in ƙona shi, wai irin waɗannan aljanu ke kwana a ciki.

Malam Nasiru: Gara shi da wanda ya ce a wanke da omo.

Auwal: Malam, ai wannan ta wuce shawara. Kafin in shigo ɗakin Goggo ta riga ta bi kusurwa ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, wai ƙura ta yi yawa.

Malam Nasiru: Innalillahi. Wace kusurwar?

Auwal: Ta ƙasa, hannun dama.

Malam Nasiru: Wurin sa hannu ke nan! Duk faɗin zanen nan, nan Goggo ta ga ƙura?

Auwal: Bai goge duka ba. Ana ganin 78, da wani abu kamar G. Ko kuma 6 ne.

Hadiza: To faɗi maganar dillalin, ita mutane ke jira.

Auwal: Kwana biyu da sadakar bakwai ɗin Kawu, Allah ya jiƙansa, sai ga mutumin, wai yana sayen tsofaffin kaya. Ya ɗaga rediyo, ya ƙwanƙwasa akwati, zanen ko kallo bai ishe shi ba. Sai da zai sa takalmi ya ce, wancan allon fa, in ba ku so zan rage muku shi a dubu 150. Na ce albarka. Wallahi kafin ya kai zaure ya koma dubu 400.

Malam Nasiru: Ka ga ya yi maka ƙiyasi kyauta, sai dai ba irin wanda ya yi niyya ba. Abin da ka sani yanzu shi ne ya fi dubu 400 a wurinsa. Amma ka tambayi mai saye nawa kayanka za su yi, ai kura ka ba ajiyar nama. Mai yi maka ƙima ya zama wanda ba shi da rabo a cinikin, ko kuma wanda ribarsa ke ƙaruwa in farashi ya hau. Shi ya sa gidajen gwanjo suke duba hoto su ba ka ƙiyasi ba ko sisi.

Hadiza: Tsaya Malam. Ni fa duk lokacin da kuka ce gwanjo, Ƙofar Wambai nake gani. An ɓalle dila, mata sun yi caa.

Auwal: A shimfiɗa zanen Kawu a ƙasa, a ɗora dutse kada iska ta kwashe.

Hadiza: Ɗauki ka biya, dubu biyu biyu!

Malam Nasiru: To ai asalin kalmar ke nan, wanda ya fi tayi shi ke ɗauka. Ku ne kuka mayar da ita sunan rigar sanyi.

Hadiza: Rigar da ke jikin Auwal ma ai ta san Landan, ta riga zanen zuwa.

Auwal: Hajiya, sabuwa ce dal. Da ledarta na saya.

Hadiza: Su ma yanzu a leda suke sa su, har da guga.

Malam Nasiru: Ku bar rigar bawan Allah. Landan ɗin da kika ambata, can aka tsinci Tutu, zanen shahararren mai zanen Najeriya Ben Enwonwu na 1974, hoton wata 'yar gidan sarautar Ife. Shekara da shekaru ana cigiyarsa, ashe yana rataye a wani gida a arewacin Landan. Gidan gwanjon Bonhams suka yi masa ƙiyasin fam dubu 200 zuwa 300. Da aka buga gwanjon a Fabrairun 2018, sai da ya kai fam miliyan 1.2. Shekara ta zagayo, 2019, ga wani nasa kuma, Christine. Shi wannan a Amurka yake wurin iyalan matar da aka zana, ba su san darajarsa ba sai da aka bincika sunan da ke jiki a intanet. Gidan gwanjon Sotheby's suka sayar fam miliyan 1.1.

Auwal: Hadiza, buɗe kalkuleta.

Malam Nasiru: Rufe. Irin wannan labarin ne ke hana mutane barci. Ba a ba ka labarin dubban da aka aika hotonsu aka ce a yi haƙuri. Tutu ɗin nan ma, gidaje nawa ne a ƙasar nan suka rataya kwafinta na takarda? Abu na farko, kai ka tabbatar fenti ne ba bugun inji ba. Ka haska tocila ta gefe, in fenti ne za ka ga tudu da kwari, sawun buroshi. In ɗigo-ɗigo ka gani ƙanana a jere, kalanda ce aka yi wa firam.

Auwal: Fenti ne. Har ya tsattsage a sama.

Malam Nasiru: Hunturu ne da zafin kwano. Ka juya bayansa kuwa?

Auwal: Baya kuma? Gara ce kawai ta ɗan ci katakon.

Malam Nasiru: Mu baya muke fara dubawa. Rubutu da fensir, hatimi, takardar wani baje koli da aka manna. Sannan ka zazzage akwatin Kawu: rasit, wasiƙa, ko tsohon hoton suna da zanen ya fito a bango bayan mutane. Hoto ɗaya irin wannan ya fi rantsuwar mutum goma, saboda jabu sun yi yawa, mai saye yana son sanin hannun da kaya suka bi. Kuma Kawu a Samaru ya yi aiki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Zariya ce ta fitar da manyan masu zane irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo, Bruce Onobrakpeya, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu a 1958, tun kafin makarantar ta zama ABU.

Auwal: Ni G ɗin nan ce ta tsaya mini a rai. Fitaccen mai zane Gani Odutokun ai a can ya koyar har rasuwarsa a 1995.

Malam Nasiru: Kowace shekara ɗalibai nawa sashen koyar da zane na ABU ke yayewa? Kowa da zanen da ya bar wa maƙwabci ko ya biya bashin mai shayi da shi. G tana iya zama Garba. Ka ɗauki hotuna masu kyau, gaba da baya da sa hannun, ka auna tsawo da faɗi, ka kai wa malaman sashen. Akwai waɗanda suka san hannun juna kamar yadda ka san rubutun babanka.

Hadiza: A ce dai ya tabbata na wani babba ne. Legas ko waje?

Malam Nasiru: Nan lissafi yake. Kuɗin da kike ji a labarai har da la'adar da mai saye ya biya a kai, wajen kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ba aljihunki za ta shiga ba. Ke ma a cire taki la'adar, a cire inshora, ɗaukar hoto, dako. In waje ne ga takardar izini daga hukumar gidajen tarihi, ga jiran wata da watanni kafin ranar gwanjon. Akwai kuma farashin da za ku yi yarjejeniya ba za a sallama ƙasa da shi ba. Ki yi haɗama ki sa shi sama, ranar ta zo ba wanda ya taya, shi ke nan kaya sun yi kwantai a bainar jama'a, kowa ya gani a intanet. A Legas akwai gidan gwanjon Arthouse, tun 2008 suke buga gwanjo, da naira, ba ruwanka da jirgi. Masu gidajen baje zane kuma suna iya ajiye maka shi su nemo mai saye a hankali, amma kasonsu kan kai har rabi.

Auwal: Rabi? Ashe dillalina mutumin kirki ne.

Hadiza: Kai da kake ta cewa dillalina, zanen naka ne? Magada nawa Kawu ya bari?

Auwal: 'Ya'ya tara, da Goggo.

Hadiza: Tabɗi. Kuma an raba gado?

Auwal: An raba gida da gona. Shi ba wanda ya sa shi a lissafi, a ɗakin ajiya yake tare da tsohuwar fanka. Yanzu da labari ya bazu, jiya babban yaya ya kira ni daga Kaduna, wai kada kowa ya taɓa allon Baba.

Malam Nasiru: Ya yi daidai, haƙƙinsu ne, har tumunin Goggo yana ciki. Kada ka karɓi ko kuɗin kafin alƙalami sai kowa ya sani, a rubuce.

Hadiza: Goggo ai ta riga ta goge nata kason da tsumma.

Auwal: Zan faɗa mata ke kika ce.

Hadiza: Rufa mini asiri. Mun ce za mu karanta saƙonnin masu sauraro, har da baiwar Allah da ta ce tana da tukunya irin ta shahararriyar mai ginin tukwane Ladi Kwali, amma ga shi an fara kiran magariba.

Malam Nasiru: A ce mata dai kada ta zuba ruwa a ciki. Auwal, ka sauke shi daga jikin bango mai damshi, kada ka naɗe shi a leda.

Auwal: Yana cikin leda tun shekaranjiya.

Malam Nasiru: Tashi mu tafi gidan. Hadiza, rufe shirin.

Hadiza: Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.