Taba Sigari da Ciwon Damuwa: Wanne Ke Jawo Wanne?

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan uwana, barkanmu da zuwa.

Duk wanda ya taɓa zama da mashayin taba ya ji wannan maganar: "Raina ne a ɓace, bari in ɗan zuƙa." Kuma ba ƙarya yake yi ba. Hannu na rawa ya ƙyasta ashana, zuƙa biyu, sai ka ga fuskarsa ta saki. To, sauƙin me ya samu?

Nikotin ɗin da ke cikin hayaƙin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, ya sa ta saki dofamin, sinadarin da ke sa mutum jin daɗi. Amma ba ya jimawa. Bayan kamar awa 2 rabin nikotin ɗin ya bar jini, sai ƙunci ya taso, da saurin fushi, da rashin sukuni, har sai an kunna wani karan. Kun ga ke nan yawancin ƙuncin da wannan karan ya kwantar, karan ɗazu ne ya tayar da shi. Cin bashi ne don biyan bashi.

An daɗe da sanin cewa masu lalurar ƙwaƙwalwa sun fi kowa shan taba. Wani binciken Amurka na shekarar 2000 ya kiyasta cewa su ke shanye kusan kashi 44 cikin 100 na sigarin ƙasar. Da yawa suka ɗauka ciwon ne kawai ke tura su. Sai a 2019 masana a Jami'ar Bristol ta Ingila suka bi ta ƙwayoyin gado, suka sami hujjar cewa ita ma tabar tana ƙara haɗarin kamuwa da ciwon damuwa.

Ga binciken da ya fi taɓa ni, don Allah a saurara. A 2014 mujallar likitoci ta BMJ ta buga nazarin da ya tattara bincike 26. Waɗanda suka daina, bayan makonni 6 ko fiye, damuwarsu da fargabarsu sun ragu idan aka gwada su da waɗanda suka ci gaba da sha, raguwar da ta kai ta masu shan maganin ciwon damuwa. Har da waɗanda dama suke da lalurar. Shi ya sa raina ke sosuwa in na ji uwa ta ce a bar ɗanta da tabarsa, ita ke kwantar masa da hankali. Tausayi ne, na sani, amma cutar da shi ake yi.

Makon farko yana da wuya, ba zan ɓoye muku ba. Barci ya ƙi, rai ya yi ta ɓaci, galibi makonni 2 zuwa 4 kafin abin ya lafa. A nan ake buƙatar haƙurin 'yan gida. Wanda kuma yake shan olanzapine ko clozapine, magungunan lalurar ƙwaƙwalwa, ya sanar da likitansa kafin ya daina, domin hayaƙin taba na sa hanta ta yi saurin kawar da su. Da ya daina maganin zai taru a jini, wataƙila sai an rage masa.