Lacca kan kakar Top 14 ta 2023/2024: lissafin maki a zari-rugar Faransa

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji? To madalla. Abu huɗu zan taɓo a kan babbar gasar kulob-kulob ta zari-ruga a Faransa, wadda ake kira Top 14, kuma kakar 2023/2024 za mu ɗauka mu yi misali da ita.

Na farko, tsarin. Kulob 14 ne, kowa ya kara da kowa gida da waje, wasa 26 ke nan. Hukumar LNR, mai kula da gasannin ƙwararrun kulob-kulob na zari-ruga a Faransa, ke gudanar da ita, kofin kuma wani faffaɗan allo ne mai garkuwar tagulla, Bouclier de Brennus. Gasar ta tsufa, tun 1892 ake yi. A wannan kakar an fara a watan Agusta, aka buga zagaye uku, aka tsaya saboda Faransa ce ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya, sai ƙarshen Oktoba aka dawo.

Na biyu, maki, kuma nan ku gyara zama. Nasara maki 4, kunnen doki 2, wanda aka ci ba shi da komai. Sai makin gyara, iri biyu, kowanne maki ɗaya. Na masu kai hari: ka fi abokin karawarka tirai uku. Tirai shi ne a dangwala ƙwallo a bayan layin abokan hamayya, maki 5, bugun da ke biyo baya maki 2. Ku lura, ban ce ka ci tirai uku ba, na ce ka fi shi da uku. A Ingila in ka ci huɗu ka sa makin a aljihu, ba mai ƙwace maka. A Faransa makin yana hannunka ne aro har alƙalin wasa ya busa tashi.

Ga misali. Kana da tirai huɗu, su ɗaya, saura minti biyu, ka ba su tazarar maki 20. An gama wasa ko? Ba a gama ba. Su ci tirai guda, ya koma huɗu da biyu, makinka biyar sun zama huɗu. Shi ya sa za ka ga kulob ya yi nasara, amma koci yana ta zazzaga masifa a bakin fili. Malam da ke dariya a gaba, ai ka san irin fuskar.

Na masu tsaro kuma: a ci ka da tazarar maki 5 ko ƙasa da haka. A da 7 ne, aka rage. Wannan ragin ya sauya lissafin kyaftin gaba ɗaya. Ana cin ka 20 da 12, minti na 79, aka ba ka bugun laifi a gaban turaku. Tazara 8 ce, ko ka ci tirai da bugunsa 7 ne, ba za ka kamo ba, ga hatsarin a ƙwace ƙwallon a turereniya ka tashi a tutar babu. To ka buga tsakanin turaku, ka samu 3, ya zama 20 da 15. An ci ka, amma ka koma gida da maki ɗaya. Baƙon kallo zai ce wannan wane irin rashin zuciya ne? Lissafi ne. Idan tazarar 9 ce kuwa, bugun ba ya amfanar komai, 6 zai rage, dole ka harba ƙwallon kusurwa ka nemi tirai. Kuskuren da ake yawan yi ke nan: kyaftin ya gaji, ya kasa cire 3 daga 9, ko ya ƙi duban benci inda ake ɗaga masa yatsu.

Na sake faɗa, maki ɗaya. A Faransa cin wasa a gidan wani da wuya, kulob ɗin tsakiyar teburi kusan duk a gida suke cin abincinsu. To wasa 13 ne a waje. Wanda ya tsinto makin tsaro a biyar daga ciki ya fi wanda ya ci wasa guda cur. Waɗannan tsince-tsincen ne ke raba na shida da na bakwai a watan Yuni, don shidan farko ne kawai ke wucewa zagayen neman kofi.

A na nawa muke? Na uku... a'a, bari in fara da na ƙasan teburi kafin in manta. Na 14 ya faɗi kai tsaye zuwa Pro D2, wato rukuni na biyu, a wannan kakar Oyonnax ce. Na 13 yana da sauran numfashi: ya je gidan wanda aka doke a wasan ƙarshe na Pro D2, wasa ɗaya tak. Montpellier, zakarun 2022, su suka tsinci kansu a nan, suka tsira da ƙyar a Grenoble, 20 da 18. Vannes, wadda ta ci wasan ƙarshe na Pro D2, ta hau, karon farko da wani kulob daga yankin Bretagne ya shigo.

Akwai batun makonnin Fabrairu da Maris, lokacin gasar ƙasashe shida ta Turai, da ake ci gaba da buga wasu zagaye alhali an kwashe wa manyan kulob taurarinsu. Akwai dokar kayyade albashi, da dokar yawan 'yan wasan da aka horar a makarantun Faransa. Lokaci ba zai bari ba.

Sama kuma, shida ne ke wucewa. Toulouse ta koci Ugo Mola ta zo ta ɗaya, Stade Français ta biyu. A wasannin kusa da na ƙarshe, Toulouse ta fitar da La Rochelle, Bordeaux ta fitar da Stade Français 22 da 20. Wasan ƙarshe an yi shi a Marseille ranar 28 ga Yuni 2024, don ana shirya Stade de France, filin da aka saba buga shi, saboda Olamfik. 59 da 3. Kun ji daidai, Toulouse ta doke Bordeaux 59 da 3, kofi na 23 ga Toulouse, wata guda bayan ta doke kulob ɗin Leinster na Ireland 31 da 22 a Landan ta ɗauki kofin Turai.

Na'am, Hajiya?

(Tambaya: In na ɗaya a teburi ba shi ne zakara ba, me ya amfana da wahalar wata goma?)

Hutun mako guda, Hajiya. Na ɗaya da na biyu suna tsallakewa zuwa wasan kusa da na ƙarshe, na uku ya karɓi na shida, na huɗu ya karɓi na biyar. A wasan da ake gwabza jiki minti 80, wannan makon ba ƙaramin abu ba ne. Bordeaux wasa uku ta buga a jere kafin ta gama, Toulouse biyu, kuma an ga bambancin a ƙafafunsu. Amma ba lamuni ba ne. A 2018 Montpellier ce ta ɗaya a teburi, Castres ta shida, Castres ta je ta doke ta 29 da 13 a wasan ƙarshe. Akwai wata tambayar? Ɗan samari can baya, ɗaga murya.