Lacca: Renon farin fure ɗan dangin citta

Jama'a, barkanmu da war haka. Ku dubi saiwar da ke hannuna. Wani zai rantse citta ce, kuma bai yi nisa da gaskiya ba, don danginsu ɗaya. Masana na kiran wannan shuka Hedychium coronarium. Asalinta yankin tsaunukan Himalaya ne, wajen Indiya da Nefal, amma ta yi tafiya har ta zama furen ƙasar Kuba, inda suke ce mata mariposa, wato malam-buɗe-littafi, saboda farin furenta kamar fikafikansa yake.

Ba iri ake nema ba, saiwar nan ake yankawa. Kowane yanki ya kasance da ido, ga shi nan, ɗan tsiron nan da nake nuna muku. A binne shi a kwance, zurfin kamar santimita 5, a ƙasar da ta sha taki da ruɓaɓɓen ganye.

To, sai maganar ruwa, kuma nan ne mutane ke faɗuwa. A daji, bakin rafi da fadama take fitowa, shi ya sa ba ta yafe ƙishirwa. Ka yi mata sakaci kwana kaɗan, sai ka ga ganyen ya nannaɗe, bakinsa ya ƙone kamar an gifta masa wuta. Ni na taɓa dasa tawa a tsakiyar fili don baƙi su gani, rana ta gasa ta, shekarar ko fure ɗaya ban samu ba. Ku ba ta ranar safe, inuwa da azahar. Kada ku bi agogo wajen ban ruwa, ku cusa yatsa a ƙasa. In ya fito a bushe, kun makara. Ku lulluɓe gindinta da busasshen ganye, danshi ya daɗe.

Ladan wahalar da yamma yake zuwa. Tana kai mita 1 zuwa 2, kuma da rana ta faɗi sai ƙamshi ya cika gida, don haka dasa ta kusa da taga ya fi. Karan da ya gama fure ba ya sakewa, a sare shi daga ƙasa.

Wani ya tambaya ko tana yaɗuwa. Ai malam, har ta wuce gona da iri! A Birazil da tsibiran Hawayi ta mamaye bakin ruwa, ta danne tsirran wurin. In filinka ƙarami ne, sa ta a babbar tukunya, kuma saiwar da ka rage kada ka jefar kusa da rafi.