Amsoshin Tambayoyinku: Kuɗin masu taimaka wa alƙali a Kaliforniya

Jama'a barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko daga wani mai sauraronmu ce a Zariya. Ya ce ƙanensa da ke jihar Kaliforniya a Amurka ya kai wani ƙara kan bashi, sai kotu ta nemi ya biya kuɗin masu taimaka wa alƙali yanke hukunci. Yana tambaya: wane kuɗi ne wannan, me zai faru in ba a biya ba, kuma zai dawo hannunsa?

To malam, a Najeriya alƙali ne ke sauraron shari'a ya yanke hukunci. Can kuwa mai ƙara ko wanda ake ƙara na iya neman mutum 12 daga cikin jama'ar gari su saurari shaidu, kuma a shari'a irin ta bashi, in 9 daga cikinsu suka amince da abu, magana ta ƙare. A rigimar da ba ta laifi ba, wanda ya nemi su shi ke ɗaukar nauyinsu.

Kuɗin kashi biyu ne. Kashi na farko dala 150 ne. Tun 2012 ba a mayar da shi, ko da an sasanta a waje. Sashe na 631 na dokar shari'o'in jihar ya ce a biya shi kafin ranar zaman farko na tsara shari'a, ko a ranar. In ƙarar korar ɗan haya ce, kwana 5 kafin fara shari'a.

Kashi na biyu shi ke ba mutane mamaki. Daga rana ta biyu, kowane ɗaya daga cikin mutum 12 ɗin na karɓar dala 15 a yini da santi 34 kan kowane mil. Mutum 12 ke nan dala 180 kullum, ban da kuɗin mota, kuma da safe ake ajiye wa magatakardan kotu kafin a zauna.

Wanda bai biya a kan lokaci ba, kotu ba ta bin sa da sanda. Doka ta ɗauka ya haƙura da masu taimaka wa alƙalin, sai alƙali ya ci gaba shi kaɗai. Alƙali na da ikon ya yi afuwa, amma a ra'ayinmu ganganci ne mutum ya jingina da hakan. Mara hali kuwa sai ya cike takardar neman sassauci, FW-001, ya haɗa da FW-002 wadda ta shafi wannan kuɗi. Sai dai in daga baya an sasanta kan dala 10,000 ko fiye, kotu za ta cire nata tukuna.

Batun dawowar kuɗi, in ƙanenka ya yi nasara zai sa shi cikin lissafin ɗawainiyar shari'a da zai nema daga abokin gaba, a takarda MC-010, cikin kwana 15 da aiko masa sanarwar hukunci. Nan da yawa ke tafka asara: kwanakin su wuce, ko rasit ya ɓace, abokin gaba ya musa. Shi ma yana da kwana 15 ya ƙalubalanci lissafin. In bai yi ba, kuɗin ya shiga cikin hukuncin, ya zama bashi a wuyansa. Ya ƙi biya, sai a karɓi umarnin kotu a kai ofishin "sheriff" na yankin, wato jami'in da ke zartar da umarnin kotu, a taɓa asusunsa na banki ko a riƙa yankan wani abu daga albashinsa.

Sai wasiƙa ta gaba.